Lyle Mai Walda da Kujerar Gefe

Lyle Vondrak ba ya taɓa ƙarfe da safe sai ya share ƙofar garejinsa, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Daga nan ya ɗora tukunyar kofi, ya kunna rediyo ya ji farashin shanu, ya ja kujera yana jiran wanda zai fara shigowa da a-kori-kurarsa. A wannan yanki namu na Nebraska da wuya ka sami motar kiwo da ba ta kwana a hannunsa ba, domin shi ke dasa ƙarfen da ake maƙala tirela a bayan mota. Ƙarshen watan nan zai rataye hular walda, idanu sun gaji, gwiwoyi sun ce ba da su ba. Ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa, don mutanen garin nan sun daɗe ba su kyauta masa ba.

Ƙarfen nan iri biyu ne. Akwai wuyan dinya, dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo a tsakiyar bayan mota, tirelar shanu ta sako dogon wuyanta ta hau kai. Ba ya cin wuri, yana shiga gargada da laka, ka sauke tirela ka loda ciyawa abinka. Akwai kuma faranti, wanda dillalai ke kira taya ta biyar, irin na manyan motocin dakon kaya. Shi yana cinye rabin bayan mota, amma tafiyarsa lumui ce, ba fizga ba ƙara, kuma da shi ake jan ɗakin kwana mai taya. A garinmu dai maganar ta wuce ta ƙarfe. Wuyan dinya na mai shanu ne, faranti kuwa na wanda ya sayar da garke ya koma shan hantsi a kudu. Da an hango faranti a motar mutum, an san tasa ta ƙare. Shi ya sa a shagon shan kofi aka laƙaba wa Lyle suna mai haƙa kabari, aka faɗa a bayan idonsa, aka faɗa a gabansa.

Wanda ya ƙago sunan shi ne Merle Hofstetter, makiyayi ɗan makiyayi, mai baki kamar reza. To, bara da kaka aka yi wa matarsa Darlene aiki a ƙashin baya, likita ya ce kada ta kuskura sanyin hunturu ya same ta a nan. 'Yarsu tana Arizona, tafiyar kwana da kwanaki. Merle ya rage shanu, ya sayi ɗakin kwana mai taya na hannu, ya ɓoye shi a bayan rumbun ciyawa kamar kayan sata. Saura yadda za a ja shi, ƙashin bayan Darlene kuma ya jure hanya.

Ta ƙofar baya ya shigo garejin, hula a karkace ta rufe ido.

"Lyle, akwai ɗan ƙarfen nan da ake ƙara wa ɗaki mai taya ya hau wuyan dinya, ko? Shi nake so."

"Akwai shi. Wa zai zauna a kujerar gefe?"

"Ina ruwanka da kujerar gefe? Ƙarfe na zo saye, ba kujera ba."

"Darlene ce ke nan. Je ka kawo ta."

"Haba mutumina, matar da ƙyar take tashi! Ka sa min abina kawai, ni faranti ba zai hau motata ba ina da rai."

"Wa ya ce ka mutu? Ai ban ɗauko shebur ba tukuna." Lyle ya kurɓi kofinsa. "Ka kawo ta, ka kawo ɗakin. In ba haka ba, ga hanya nan, akwai masu walda a wasu garuruwan."

Wannan ita ce al'adarsa tun yana saurayi, kuma ita ce ta fi ba mazajen garin haushi: ba ya dasa ƙarfe sai wanda zai zauna a gefen direba ya zo. Yana da tsofaffin motoci biyu, ɗaya da wuyan dinya ɗaya da faranti, ga kuma hanyar tsakuwa mai gargada a bayan garejin. Merle ya fita yana ƙunƙuni, amma washegari ya dawo da Darlene, ɗakin kuma wani maƙwabci ya jawo masa.

Lyle ya maƙala ɗakin a wuyan dinya, ya taimaka wa Darlene ta hau gaba. Merle ya miƙa hannu zai karɓi makulli.

"A'a, dattijo. Yau ba kai ne direba ba. Shiga baya."

Tun suna ango da amarya Merle ke tuƙa matar nan, idonsa a kan hanya, a kan shinge, a kan shanun mutane. Bai taɓa zama a bayanta ba sai ranar. Mota ta hau gargada, ɗakin ya fara fizgarta gaba da baya. Can sai Merle ya ga wani abu. Kafin kowane rami, tun taya ba ta kai ba, Darlene takan dafa kujera da hannu ɗaya, ta kama marfin mota da ɗayan, ta ɗaga jikinta kaɗan, ta riƙe numfashi. Ba ta ko duban hannuwan, su da kansu suke yi. Wannan ba abin da aka koya bayan aikin asibiti ba ne, aikin shekara da shekaru ne. Gumi ya jiƙa mata ƙeya, alhali da sanyi a garin.

Da suka tsaya Lyle ya juya wajenta.

"Yaya kika ji, uwargida?"

Ta saci kallon mijinta ta madubi, ta san abin da yake tsoro a shagon kofi. "Ba laifi, Lyle. A bar masa wuyan dinyarsa. Ai na saba."

Merle ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Lyle bai ko dubi inda yake ba. Ya sauka ya mayar da ɗakin kan motar faranti, suka sake bin hanyar.

Ba su yi nisa ba Darlene ta saki marfin, ta ɗora hannu a cinya. Sai kuma ta fara magana. Ta ba Lyle labarin jikarta da ta fara tafiya, ta yi gulmar mawaƙan coci, ta nuna masa gidan da aka haife ta, har da dariya. Merle yana baya ya yi tsuru-tsuru. Shi ne fa mai bugun ƙirji a gaban abokai cewa tasa matar ba ta surutu a mota. Ashe haƙora take cijewa, shi kuma yana kiran abin natsuwa.

A ƙofar gareji ya sauka yana murza hula.

"Sa farantin."

"To. Ka zo jibi," in ji Lyle, ya koma neman sufana kamar ba abin da ya faru.

Kai ne, Lyle, wanda aka miƙa wa damar ramuwa a tafin hannu ka mayar da ita aljihu. Mutumin da ya ɓata maka suna yana tsaye a gabanka kunya ta lulluɓe shi, ba ka ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Labarin nan ma ba daga bakinka ya fito ba. Merle ne ya ba da shi da kansa, ranar da ya ajiye motarsa da faranti a ƙofar shagon kofi, wani ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ji ƙan Merle, an binne!" Ba wanda ya yi dariya bayan Merle ya gama ba da labarin. Mazaje da yawa sun sunkuyar da kai a kan kofunansu, kowa yana tuna wadda ke zama a gefensa.

Darlene ta isa Arizona lafiya, ta sauka da ƙafafunta, ta ɗauki jikarta. Da suka dawo da bazara, gareji ta fara tsayawa kafin gida, ta kawo wa Lyle kek ɗin tuffa. A gaban masu jiran gyara ta ce masa, "Duk zaman da na yi a kujerar nan, ba wanda ya taɓa tambaya ta yadda na ji sai kai." Merle yana tsaye a wurin, yana kallon takalminsa.

Mun gode, Lyle, mai tambayar wanda ba a tambaya. Mun gode da haƙurin da ka yi da bakinmu, muna kuma jin nauyinka. Allah ya ba gwiwoyinka hutu. Matasan da za su gaji wutar waldarka, ku gaji tambayarsa tare da ita. Ku kuma masu riƙe da sitiyari, gobe in kun hango rami a hanya, ku ɗauke ido daga titi na ɗan lokaci, ku ga abin da hannun na gefenku yake yi.