Gidan Gizlan da Alfadarin Ba Allal

Duk kayan da ya shiga lungunmu na tsohon garin Fas, a bayan alfadarin Ba Allal ya shiga, don mota ba ta isa nan. Gadon amarya shi, tukunyar suna shi. Ya san abin da ke ɗakin kowa fiye da mai ɗakin.

Da Gizlan, 'yar amininsa marigayi, ta dawo gyara gidan ubanta, siririn gidan nan mai hawa uku da in ka miƙe hannu za ka taɓa bango biyu, shi ya kwashe tsofaffin kaya. Aka shafe bango fari tas. Ya zauna jiran sababbi. Shiru.

Ya leƙa. Tabarma guda, tebur guda, fitila.

“'Yata, sauran kayan suna tashar jirgi ne?”

“Ba saura, Baffa. Haka nake so, in sha iska.”

“Iska? A kanta baƙo zai zauna?”

Ta yi dariya. Shi bai yi ba. A lungunmu, ɗaki ba ya zama wayam sai talauci ya share shi, kuma mai mutunci ba ya faɗa. Ya za a yi 'yar amininsa ta zama abin nuni yana raye?

Ya bi gida-gida yana raɗa. Ran Juma'a alfadari ya tsaya ƙofarta da katifu, matasai, tiren shayi, har da agogon bangon Lalla Zuhur maƙwabciya, wanda ya daina tafiya tun mijinta na da haƙori.

“Baffa, me na yi maka?”

“Rufe baki. Ba wanda ya sani.”

Alhali duk lungun na bayansa da kwanon kuskus.

Mayar da kyauta zagi ne. Gizlan ta dubi farin bangonta, ta dubi fuskar tsohon, ta ce a shimfiɗa. Aka ci, aka sha shayi, Lalla Zuhur na cewa, “Yanzu ya zama gida.”

Da suka watse ta roƙe shi ya hau da kayan ɗakin soro. Tun ran nan, kowace Juma'a sai ya sauko da su kafin maƙwabta su zo, da la'asar ya mayar.

Wani lokaci in ya gama, yakan zauna kan tabarmar, ya zuba wa bangon ido.

“Har yanzu ban ga abin da kike kallo ba,” in ji shi. Amma ba ya saurin tashi.