Ranar da Gwanina Ya Maka Shugaban Kamfani da Ƙasa

Ihun da na kurma jiya a gareji, har wanda ke ƙarƙashin mota sai da ya leƙo.

Babban wasan resilin, kokawar nan ta talabijin, muna barci ake yin sa, shi ya sa ba na taɓa waya sai hutun rana, kada wani ya ɓata min. Gwanina ya daɗe shugaban kamfaninsu na hana shi kambu. Jiya da na kunna wasan a waya, sai ga shi ya ɗaga mutumin, ya maka shi da ƙasa, ya karɓe kambunsa.

Alhaji Mamman, ɗan Maraɗi mai sayen kayan mota a nan Ras Al Khor ta Dubai, ya dube ni: "Haba Sani, da furfurarka? Ai duk shiri ne."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Garejin nan duk wanda na koya wa aiki, a kaina ake ɗora shi. A ina kuma zan ga mai haƙuri ya ci?"

Ya jawo kujera. "Yalla, mayar mana baya."

Ba zan daina kallo ba. Masu cewa ƙarya ce, ku nuna min inda ake yin na gaske.