Gurasar Indiya a Gaban Suruki

Akwai abin da mutum ke mantawa tun kafin ya kai gida, akwai kuma wanda ko haƙoransa sun zube yana nan daram a ransa. Ranar da na zauna gaban tulin gurasar Indiya, yunwa na neman hallaka ni, na kuma dage cewa a ƙoshe nake, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Kudai da ke Makka, ina haya tare da wasu 'yan garinmu. Allah ya haɗa ni da wata yarinya 'yar unguwar Misfala, kawuna da ke unguwar Aziziyya ya je ya nema mini aurenta. Mahaifinta Bahaushe ne haifaffen Makka, mai shagon turare, Hausarsa rabi Larabci ce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi za su fita shan iska da iyali a ƙarshen mako, a turo ni mu tafi tare ya gan ni da idonsa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi: in na dawo da yardarsa an yi aure, in ban dawo da ita ba in nemi wata.

Da na buga wa mahaifiyata waya a Katsina, addu'a ta yi mini, sannan ta ja kunnena a kan abu ɗaya. Ta ce kada in kuskura in sa loma a gaban suruki, ko ruwa ne in kau da kai. A garinmu wanda ya tauna abinci gaban uban matarsa ya zama abin zance har jikokinsa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ba a banza ta raine ni ba.

Muka hau dutse ta hanyar Ɗa'ifa, inda mutanen Makka ke gudun zafi, har muka isa wani wurin shaƙatawa mai masauki da filin wasa. Ga ƙaton lilo yana juyawa da mutane sama, ga wani ɗan jirgin ƙasa da ke kifa su ya tashe su suna ihu, kuma wai da son ransu suka hau. Ni dai tun safe fargaba ta hana ni karyawa. Muna idar da azahar dattijon ya ce a nufi gidan abincin Indiyawa da ke cikin masaukin. Mata suka zauna a bayan wani shinge na katako, yarinyar tana cikinsu. Kakarta kuwa, wato mahaifiyar dattijon, ta ce ita ta wuce shekarun ɓuya, ta ja kujera ta zauna tare da mu. Tana ƙarama iyayenta suka zo da ita daga Kano, kuma Hausarta na nan garau kamar jiya ta baro gida.

Sai ga kwando cike da gurasar da suke kira "nan", daga tanderu, tana ƙyalli da man shanu, ƙamshin tafarnuwa na tashi. Aka jera ƙananan kwanoni kewaye da ita: kindirmo da kokwamba, miyar tsamiya mai zaƙi, miyar wani ƙaramin wake da ake kira adas, mangwaro da aka jiƙa da yaji, da wata koriya shar mai ƙamshin na'a-na'a. Dattijon ya turo kwandon gabana.

"Tafaddal, ya waladi. Bismillah."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ya ɗauka tafarnuwar ce ba na so, sai ya sa aka kawo wata gurasar mai falle-falle da suke kira farata. Na gode, na ce na ƙoshi. Ya sa aka kawo wata marar mai, wai ita cafati. Na sake godiya. Aka kawo wata mai dankali a ciki. Duk lokacin da na ce a'a sai wani kwandon ya sauka, har tebur ya rasa wurin ajiye hannu, Ba'indiyen da ke kawowa ya fara kallona kamar ni na zagi tanderunsu. Ni kuwa a raina yaba wa kaina nake yi, ina cewa yau dattijo zai ga ɗan mutunci. Cikina ne kaɗai bai yarda da wannan shiri ba, yana ta ƙugi ina rufe shi da gyaran murya.

Abin da ban sani ba shi ne, a wurin mutanen Hijaz da dattijon ya tashi cikinsu, wanda ya ƙi gurasarka da gishirinka ko dai ya raina ka, ko akwai wani abu a zuciyarsa. Na ga ya daina ci, ya goge hannunsa, fuskarsa ta canza. Ya dube ni ya yi magana a hankali.

"Yaro, in abincina bai kai ka ci ba, to 'yata ma ba ta kai ba. Gara mu rabu da mutunci."

A bayan shingen nan ƙarar cokula ta ɗauke. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga aure yana suɓuce mini ina kallo. Ta yaya zan dubi suruki in ce masa kunyarsa nake ji? Ai faɗin ma rashin kunya ne.

Kaka ce ta fashe da dariya har da tari. Ashe tun ɗazu tana dangwalar tsamiyarta tana kallonmu kamar wasan kwaikwayo. Ta ce wa ɗanta Larabci ya cinye shi. Ubansa har ya bar duniya bai taɓa tauna ko dabino a gaban mahaifinta ba, wannan kunya ce irin ta gida, ya dubi maƙogwaron yaron nan yadda yake hawa da sauka in yana son shaida. Sannan ta juyo kaina.

"Kai kuma mijin nawa, yunwa za ka bari ta kashe ka, ka bar ni da takaba tun ba a ɗaura ba?"

Dattijon ya dube ni. Ya ce ya sha jin labarin, amma ya ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce. Duk da haka shi ma yana da tasa al'adar, ba zai haɗa jini da wanda ba su raba gurasa ba. Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai na ga ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta tana fuskantar taga, ya zauna ya ba tebur baya. Ya ɗauki gurasa guda ya raba ta biyu, ya miƙo hannu ta saman kafaɗarsa.

"Ni lilo nake kallo, ban ga kowa ba. Karɓi rabinka."

Na karɓa. Don sauri na dangwala a cikin koriyar nan, ganin ta fi sauran kama da salihai, na cika baki. Ashe zallar ɗanyen barkono ce aka yi wa ado da na'a-na'a. Wuta ta kama tun daga harshe har kunnuwa. Ga tari ya taso, ga shi wanda ba ya gani ai yana ji. Na danne, hawaye na zuba. Kaka ta turo mini kindirmo, tana kuma kai rahoto da ƙarfi yadda har na bayan shinge za su ji: ya ci, yana ƙari, ga shi ma yana kuka don daɗi. Ina hango kafaɗun dattijon suna girgiza. Bai waiwayo ba har na share kwando guda, sannan ya ce, fuskarsa na taga, in gaya wa kawuna ya zo a sa rana. Daga nan hawayen suka daina zama na barkono, farin ciki ne da kuma ƙaunar bawan Allahn nan da ta shige ni lokaci guda.

Yau shekaru sun ja. In na je gidansa da yara aka kawo abinci, har yanzu sai ya ja kujerarsa bakin taga, jikokinsa kuwa sun ɗauka kakansu son kallon titi ne da shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ladabin da mai shi bai gane ba yana iya isa wurinsa a matsayin raini, don haka kafin ka girmama mutum ka san abin da shi yake kira girmamawa. Na kuma koyi cewa babba na gaske ba ya jira yaro ya zo masa duka. Ni na je da kunyata ina taƙama da ita, shi kuwa da furfurarsa ya ɗaga kujera ya nema wa al'adata wuri a teburinsa ba tare da ya zubar da tasa ba.