Ranar da na kai wa Inna muryar Baba

Ko da zan manta da duk ayyukan da na yi a kan kwamfuta, ba zan manta da wanda na yi zaune a kan tabarmar Inna a Fakku ba. Lokacin tana cikin takaba, ni kuma ina aiki a Tambuwal, ina rubuta manhajoji.

Bayan rasuwar Baba ne muka ci karo da wani kasat a cikin kayansa. Shekarun baya, idan ya tafi cin rani kudu, ba ya aiko da saƙon baka, sai dai ya ɗauki muryarsa a kasat ya ba wanda zai zo gida. Wannan kaɗai ya tsira. Na kwashe shi a kwamfuta, amma shuuu ɗin da ke ciki ya fi maganar ƙarfi, ga kunnen Inna ya yi nauyi. Da na kunna mata a waya, ta kasa kunne ta kasa, sannan ta ce ba ta jin kowa sai iska. Daga baya ƙanwata ta gaya mini Inna ta ce muryarsa ta fara ɓace mata a kai. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Sai na zauna na haɗa ɗan shafi na intanet da harshen kwamfuta na Java, wanda zai tace sautin, a riƙa ƙarawa ana ragewa har ya dace da kunnenta, daga baya 'yan'uwa na nesa su ma su saurara. Tacewar kanta ba Java ke yi ba. Wani ƙunshi ne da muke kira laburare, an rubuta shi da wani harshen mai suna C, yana zaune daban a cikin na'ura, dole sai an nuna wa shirin nawa hanyar inda yake kafin ya ɗauko shi. A kwamfutar ofis komai ya tafi sumul. Na kwafe aikin a laftof ɗina, na hau mota zuwa Kebbe, na ƙarasa da mashin, ina ta jin kaina.

Da hantsi na shimfiɗa kayana a ɗakinta. Na ba manhajar gini umarni, wato wadda ke harhaɗa aikin ta tashe shi. Shafi ya buɗe. Ina danna tacewa sai ga jan rubutu: ba a ga laburaren ba. Ikon Allah! Ga shi nan a jakarsa, ina kallonsa da idona. Na rubuta hanyarsa a cikin saitin aikin, na sake tayarwa, amsa ɗaya. Na canza masa wuri, na canza masa suna, duk a banza. Sabis kuwa ranar ya yi ƙaura daga garin, balle in bincika, ga batir yana ta sauka, kuma washegari zan koma bakin aiki. Ni mai saurin zuciya ce, har na fara yi wa na'ura tsaki.

Inna tana gefe tana jan carbinta. Can sai ta turo mini kwanon fura, ta ce in sha, in bar wahalar da kaina, in Allah bai nufa ta ji ba shi ke nan. Wannan haƙurin nata ya fi faɗa yi mini ciwo. Na ce mata ai a Tambuwal ya yi magana tiryan-tiryan. Ta ce, "To mi ke can da babu nan?"

Tambayar fira ce kawai ta yi, amma ta sa na tsaya da danne-danne na yi tunani. Sai na tuna tun tuni na saita waccan kwamfutar ta ofis yadda duk shirin da zai tashi ya riga ya san inda laburare suke, har na manta na yi. A nan kuwa manhajar ginin ce ke fara tashi, shafina a cikinta yake gudana, kuma sau ɗaya tak ake duba hanyar, a daidai lokacin tashi. Ni kuma ina ta rubuta hanyar a ciki, kamar mai yi wa direba kwatance bayan mota ta bar tasha. Na kashe komai gaba ɗaya, na ba manhajar ginin hanyar tun daga bakin ƙofa, na yi bisimilla na tayar.

Babu jan rubutu. Na sa mata abin ji a kunne ɗaya, na sa ɗayan a nawa, ina rage iskar a hankali. Sai ga sallamar Baba, muryarsa ta ƙuruciya wadda ni ban ma sani ba. Inna ta gyara lulluɓinta, ta amsa masa sallamar kamar yana tsaye a tsakar gida. Ya gaishe da kowa, ya tambayi shanu, ya ce kada a sayar da dawa sai ya dawo. Sannan ya ce, "Ina 'yar jinjirata? Ta fara tafiya kuwa?"

Ni ce jinjirar. Inna ta ɗora hannunta a kan gwiwata, ta ce, "Ta fara, Malam. Ga ta nan, ita ta maido ka gida."

Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba ko a zaman makoki. Ita kuwa murmushi take yi, ta ce in mayar da shi farko.

Har yau ina wannan aiki, kuma har yau jan rubutu yana ɓata mini rai. Amma ranar ta koya mini in gwada aiki a na'urar da zan tafi da ita, ba wadda zan bari a baya ba. Ta kuma koya mini abin da ya fi wannan: in dai mutumin da kake ƙauna yana nan yana magana, ka zauna ka saurare shi sosai, tun muryar ba ta buƙatar tacewa.