Malam Safiyanu, Wanda Ya Yi Alwala Da Agogo Ya Wanke Mini Suna

Kafin ƙarfe takwas Malam Safiyanu ya iso rumfarsa a bakin tashar Birnin Kudu. Ya share gabansa, ya buɗe akwatin gilashi, ya kunna rediyo ya jira a faɗi lokaci, sannan ya bi agogunan da ke rataye yana daidaita su ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Yanzu ido ya fara gaza masa, ya ce bayan babbar salla zai tattara kayan aikinsa ya koma gonarsa a Unguwar Ya. Shi ya sa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba, sai an ji abin da ya yi mini.

Ni ce Hapsatu dillaliya, ta Gwaram. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Sana'ata shiga gida-gida da kayan lefe, kuma jarina ɗaya ne: in na ce abu kaza ne, mata su yarda.

Bara aka nuna mini wani kanti na cikin waya. Ga hoton agogon mata, ruwan gwal, an tsoma shi a kofin ruwa yana ta tafiya. Na sa aka karanta mini bayanin sau uku: ƙarfe ne, ba ya shan ruwa. Na yi odar dozin. Na shiga gidaje ina faɗin abin da aka karanta mini, har da rantsuwa. Mako bai cika ba suka fara dawowa. Wata amarya ta yi alwalar azahar da nata, gilashin ya yi gumi. Ta yi ta la'asar, hannun agogo ya tsaya cak. Hajiya Munawwara, wadda ta sayi uku don lefen ɗanta, ta faɗa a gidan biki cewa na tsufa na koma damfara. Ni! Daga ranar, in na yi sallama a gida sai a ce matar gidan tana barci.

Na ɗaure sauran agogunan a bakin zane, na hau mota zuwa Birnin Kudu wajen Malam Safiyanu ina huci. Tun a motar aka fara ba ni labarinsa. Direban ya ce ya taɓa kai masa agogon da wani ya ce sai an sake inji, shi kuwa ya hure ƙura ya miƙo masa, ya ƙi karɓar komai. Wani ladani ya ce duk agogon bangon masallatan unguwarsu shi ke duba su kafin azumi, ba tare da an kira shi ba.

Na zube masa agogunan a kan tebur ina ta zage-zage. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce in nuna masa hoton. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya dubi bayan agogo, ya dubi waya, ya daɗe. Sannan ya yi mini bayani: hoton na wani agogo ne, lambar da aka sa wa hoton ta wani ce, bayanin kuma na wani na uku, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka aiko mini. Nawa roba ce aka shafa wa ruwan gwal, ko zoben da ke tare ruwa babu a ciki. Ya ce, "Inna, ba ke kika yi ƙarya ba, ƙarya aka ɗora miki kika kai."

Na ce to wa zai gaya wa matan Gwaram haka?

Jama'a, ran kasuwar Gwaram mutumin nan ya rufe rumfarsa ya hau mota ya zo! Ya tsaya a zauren Alhaji Jafaru, mijin Hajiya Munawwara, mata suka taru a bayan ƙofa suna leƙe. Ya ɗauki ɗaya daga cikin agogunan nawa, sabo fil daga kwalinsa, ya ba Alhaji ya duba ya tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba. Ya ɗaura a hannu, ya nemi buta, ya yi alwala cikakkiya a gaban kowa. Kafin ya wanke ƙafa gilashin ya yi fari. Ya ce haka yake gwada duk agogon da aka ce ba ya shan ruwa, don mai salla sau biyar yake jiƙa hannu a rana, masu haɗa bayanin nan kuwa ba su san da wannan ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kira lambar kantin, ya buɗe murya kowa na ji. Wata Ruƙayyatu ta ɗauka. Ni da na so in wanke ta tas, amma ya ɗaga mini hannu, ya gaishe ta, ya tambayi gajiyar aiki, ya karanta mata lambobin a tsanake. Sai ta ce: "Baba, gaskiyarka ce. An sallami masu rubuta bayanin kaya, saura mutum ɗaya, kwafo na wannan yake ya liƙa wa wancan. Mu kanmu ba mu san ko kantin zai kai watan gobe ba." Ya roƙe ta ta maimaita, don akwai uwa a nan da aka ɓata wa suna. Ta maimaita. Na ji wata a bayan ƙofa ta ce ashe haka ne. Na rangaɗa guɗa a zauren mutane, ban ji kunya ba.

Malam Safiyanu, kai ne ka bar cinikin yini guda saboda tsohuwar da ba ka haɗa komai da ita ba. Kai ne ka koya mini cewa ana ƙwato gaskiya ba tare da ashar ba, ko da yake ban yi alkawarin dainawa ba. Mai ido a kan ƙaramin abu, Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa gonar ta yi albarka. Na gode, na gode.

Ku kuma masu kanti, ban gama da ku ba. Na sa an duba shekaranjiya, hoton nan yana nan, agogo a cikin kofi yana tafiya. In rufewa za ku yi ku rufe, ba zan yi kuka ba, amma ku sauke shi tukuna kafin wata dillaliyar ta rantse a kansa. Masu gyaran waya, masu gyaran babur, teloli, ku dubi mutumin nan: in kun san gaskiyar abu, ku tashi ku kai ta inda ake buƙatarta.

Jiya Hajiya Munawwara ta aiko a kira ni, ƙanin mijinta zai yi aure, tana son in haɗa lefen. Na yafa mayafina mai kyau na tafi. Da kanta ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce duk abin da na ce shi za a saya.