Gangaren Madam

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga ni ɗauke da nawa. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, haifaffiyar Madarumfa, ƴar masunci, na tashi a bakin tabki cikin ƙarnin kifi da hayaƙin banda. A lokacin da nake ba ku labari ina koyar da ajin ƙarshe na firamare a wani ƙauye da ke kan hanyar Gabi, kuma da keke nake zuwa in dawo kullum. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan keken nan. Doguwa ce ni, ƙafata ta kai feda har ta yi saura, in na ɗauki hanya da safe masu amalanken jaki sai dai su ga bayana. Har ta kai iyaye a ƙauyen suka fara barin ƴaƴansu mata da suka ci jarrabawa su hau keke zuwa kwaleji a Madarumfa, tunda ƙauyen ba shi da kwaleji, kuma hujjarsu ɗaya ce, ai Madam ma tana hawa. Da safe ni ina tafiya su suna tahowa, mu haɗu a hanya mu gaisa da ƙararrawa.

Duk macen da ke hawa keke da dogon hijabi ta san ƙa'ida, ki tattara jelarsa ki zauna a kanta, ko ki ɗaure ta a ƙugu. Ni na fi kowa sani, don ni ke koya wa yaran. To ranar da abin ya faru ranar kasuwar ƙauyen ce, kuma ana suna a gidan direktanmu, shugaban makarantar, bayan an tashi daga lakwal. Na ɗinka sabon hijabi har ƙasa, na kai wa mai guga ya murje shi da dutsen gawayi, ya fito sumul. Tun da yammacin jiyansa na tsefe kaina saboda mai kitso ta yi mini alkawarin za ta zo da sassafe. Na zauna jira har hantsi ya fara, ba ta zo ba, na tura gashin cikin ɗankwali haka nan, na ce wa zai gani. Da na zo hawa sai na dubi gugar nan, na ce in na zauna a kanta zan isa gidan suna kamar wadda ta kwana cikin buhu. Sai na saki hijabin yana kaɗawa a bayana, na taka da ƙarfi don na makara.

Kafin a shiga ƙauyen akwai gangare mai sauka zuwa ƙorama, kuma a gindinsa kasuwa ke ci. Na saba saukarsa ba tare da na taɓa birki ba. Ranar ina tsakiyarsa na ji an fizgo wuyana ta baya, kamar akuyar da igiyarta ta ƙare. Jelar hijabin ta shige cikin wayoyin ƙafar baya ta nannaɗe, ƙafar ta cije, keke ya tsaya ni kuwa ban tsaya ba. Na faɗi a kan hannuna na dama, na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Amma wallahi ba hannun na fara tunawa ba. Hijabin ya tafi da ɗankwalin, ga ni zaune cikin rairayi gaban mahauta da masu hatsi da masu amalanke, kai a buɗe, tsefaffen gashi ya tashi tsaye kowace gaba da inda ta nufa. Wasu maza suka kau da kai suna salati, wasu dariya ta ƙwace musu, kuma yau da na huce ban ga laifinsu sosai ba. Wata tsohuwa mai daddawa ce ta taso ta yafa mini mayafinta, Allah ya saka mata da alheri. A amalanke aka kai ni wurin mai ɗori.

Hannu ya warke kafin damina ta faɗi. Abin da bai warke ba shi ne kunya. Maigidana, wanda manomin lambu ne a bakin tabki kuma ba mai yawan magana ba, ya je ya ɗauko keken ya rataye shi a ɗakin ajiya, bai ce mini hau ba, bai ce mini bari ba. Matan da suka zo yi mini sannu kuwa kowacce da wa'azinta, wai dama keke ba na mace ba ne, wai Allah ne ya nuna mini da sauƙi. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, sai na koma yi musu godiya kawai. Da na koma aiki sai na koma hawa kabu-kabu, wato babur na haya, a nan kuma na ji sabon abu, ashe an raɗa wa wurin suna. Ɗan kabu-kabu zai tambayi fasinja ina zai sauka, a ce masa Gangaren Madam. Wasu ma ba su san ni ce Madam ɗin ba, a gabana suke ba da labarin, har da ƙari, wai na yi tsalle sama da rumfar mahauta. In mun zo wurin sai in ja hijabi in rufe fuska. In aka tambaye ni keke, in ce hannu ne ke damuna lokacin sanyi. Ƙarya nake yi, tsoro ne kawai.

Haka na yi shekara biyu, fuska a rufe a bayan babur. Wanda ya rufe fuska kuwa ba ya ganin hanya. Ko kuma in faɗi gaskiya, na lura ƴan matan da muke haɗuwa da su da safe sun daina wucewa, na ƙi tambaya don ina tsoron amsar. Sai bara, da aka koma lakwal bayan girbin gero, na ga wata ɗalibata zaune a kasuwa gefen uwarta tana juya awara a kasko. Yarinyar nan ita ce ta fi kowa a ajina, ta ci jarrabawa, kuma na san akwai keke a gidansu, na yayarta. Na tambaye ta me take yi nan ranar karatu. Ta sunkuyar da kai ta ce Baba ya kulle keken tun ranar da na faɗi, kuma ba shi kaɗai ba, duk iyayen ƙauyen sun karɓe na ƴaƴansu mata. Waɗanda ke kwaleji a lokacin sun gwada zuwa a ƙasa, tafiyar ta fi ƙarfinsu, ɗaya bayan ɗaya suka zauna gida. Yayarta na cikinsu. Na tsaya ina kallon man da ke tafasa a kaskon, ban san lokacin da ƙwalla ta zubo mini ba.

Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai wurin ubanta. Mai amalanke ne, dattijo, shi ne ma ya kai ni wurin mai ɗori ranar. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na shiga yi masa bayanin amfanin karatun ƴa mace kamar ina gaban allo. Ya bar ni na gama tas. Sai ya ce duk ya yarda, shi ba ya gaba da boko, amma da idonsa ya ga yadda ƙarfen nan ya yi da ni, babbar mace mai takarda, har ya tona mini asiri gaban kasuwa, to ina ga ƴarsa ƙarama. Ya ce kuma in keke lafiya ne, me ya sa ni kaina ban ƙara hawa ba? Wannan tambaya ta shige ni har ƙashi. Ya ƙara da cewa ranar da ya ga Madam ta sauko gangaren nan a kan keke, ranar kasuwa, shi zai buɗe ɗaki da hannunsa ya miƙa wa yarinyar nata. Yana faɗa yana murmushi, don ya tabbata ya rufe ni. Raina ya ɓaci, na ce masa Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa, ya tanadi mabuɗi. Sai da na juya na gane bakina ya riga ƙafafuna tafiya.

Na sauko da keken daga inda yake rataye. Tayoyi sun bushe, sarƙa ta yi tsatsa, kuma ga wani ɗan ƙyallen hijabin har yanzu manne cikin wayoyin. Na kai wa mai gyara, sannan na wuce gidanmu na tarar da babana a zaure yana ɗinkin taru. Na ba shi labari ina jiran lallashi, sai ya yi ta dariya. Ya ce shi kwale-kwale ya kife da shi gaban mata masu wanki, ruwa ya tafi da wandonsa, kuma washegari ya koma tabki tunda kunya ba ta cika tukunya. Ina kallon hannunsa cikin ragar nan sai dabara ta zo mini. Na roƙe shi wani yanki na tsohon taru, na zauna a tsakar gida na saƙa shi a gefe biyu na ƙafar baya, daga kariya, mazaunin bayan keke, har gindin wayoyi, da irin ƙullin da ya koya mini tun ina ƙarama. Ragar da ke hana kifi fita ai za ta hana hijabi shiga. Gwajin hawa kuwa a hanyar lambu na yi shi da sassafe. Maigidana ya riƙe kariya kamar mai koya wa yaro, ina yi masa tsawa ya saki, da ya saki ina yi masa tsawa me ya sa ya saki.

Ana gobe kasuwa na tafi gidan mai kitson nan da ƙafata, na zauna a kan tabarmarta na ce ba inda za ni sai ta gama. Ta yi mini shuku mai kyau. Na ce in ma faɗuwar ce, wannan karon su ga kai a gyare. Da safe na ɗauko hijabin nan dai, wanda ya kayar da ni, da facinsa a fili, na tattara jelarsa na ɗaure a ƙugu. Da na iso kan gangaren na sauke ƙafa na tsaya. Labari ya riga ni zuwa, kasuwa ta juyo tana kallon sama. Zuciyata na ce mini ki juya, wa zai kama ki. Sai na hango kaskon awara da ƴar da ke bayansa ta miƙe tsaye. Na yi bisimilla na ɗora ƙafa. Kada ku zaci na sauko kamar da. Na matse birki yana ta kuka, ina tafiya a hankali har wani jaki ya kusa wuce ni, kan keken na rawa a hannuna, yara na ihu. Amma a kan sirdi na iso, na tsaya daidai gaban amalanken dattijon nan, na kaɗa masa ƙararrawa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce magana ɗaya yake yi, amma da sharaɗin irin ragar nan sai na saƙa wa ƴarsa. Ban jira gobe ba, da la'asar ɗin nan na saƙa ta a ƙofar gidansu, mata na leƙe.

Litinin da ta biyo, ina kan hanya da safe, na hango keke yana tahowa daga nesa, hijabi ɗaure a ƙugu, tsohon tarun babana a ƙafar baya. Ta kaɗa mini ƙararrawa, na kaɗa mata, muka wuce juna. Daga baya wasu iyayen ma sun buɗe ɗakunansu. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Yayarta ba ta koma ba, ta ce karatun ya zube mata kuma ta girmi ƴan ajin. In na gan ta a kasuwa tana gaishe ni da ladabi, ni ce ke kasa haɗa ido da ita. Ba faɗuwata ce ta zaunar da ita gida ba, zaman da na yi bayan faɗuwar ne.

Don haka ƴan uwana mata masu hawa keke ko babur, ku ɗaure jelar hijabi, guga ba ta kai wuya daraja ba. In kuma Allah ya ƙaddara kin faɗi, ki yi jinya, ki yi kukanki, amma kada ki daɗe a ƙasa, don ba ki san wa ke kallonki yana jiran ya ga abin da za ki yi ba. Ni har yau gabana na faɗuwa duk safiyar da na iso kan gangaren nan, kuma har yau birkina kuka yake yi, masu kasuwa sun san zuwana tun daga sama. Sunan ma bai canza ba. Kwanan baya wani baƙon ɗan kabu-kabu ya tsayar da ni a hanya yana tambaya ina ne Gangaren Madam. Na ce masa ya biyo ni, ni ce Madam ɗin, can za ni.