Sabuwar Tayata Ta Zama Tukunyar Fulawa

Jama'a, ku zo ku ji inda sabuwar tayata ta ƙare yau.

Kun san yadda na daɗe ina neman tayoyin nan masu laushin roba, masu kama kwalta a kwana. Mai shago ya ce suna saurin cinyewa, na ce na ji, kamun nake so. Jiya aka kawo huɗu, na jingine su bayan gareji.

Ɗazu na dawo da zumuɗi zan kai a ɗaura. Uku na tarar. Ta huɗu tana bakin get, an yanka ta, an shafa mata farin fenti, an dasa fulawa a ciki!

Na kira Malam Idi mai kula da lambunmu, na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Alhaji. Na ga zanenta kaɗan ne, na ɗauka ta suɗe."

Na ce, "Sabuwa ce fil! Haka ake ƙera ta don ta kama titi."

Ya jinjina kai ya ce, "To wallahi ba a cuce ka ba, Alhaji. Sau uku tana riƙe min wuƙa."